Sauya maganin ciwon damuwa: kai-tsaye, sannu-sannu, ko a bar tazara?

"Wannan maganin bai karɓe ni ba, zan ajiye shi in nemi wani." Duk wanda ya zauna kusa da mai shan maganin ciwon damuwa ya taɓa jin irin wannan magana, kuma rabinta na farko sau da yawa gaskiya ne. Ba kowa ne maganin farko yake karɓa ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2006, ya ɗebi mutane wajen 4,000 aka fara ba su citalopram, sai aka tarar kusan mutum ɗaya ne cikin uku ya warware da shi. Sauran sai da aka sauya musu ko aka ƙara musu wani. Cikin waɗanda aka sauya wa magani a zagaye na biyu, kusan ɗaya cikin huɗu ya samu lafiya, kuma ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin ukun da aka gwada, wato sertraline da venlafaxine da bupropion.

Rabi na biyu na maganar, "zan ajiye shi", shi ne yake tayar mini da hankali. Mutane suna kashe tunaninsu wajen tambayar wane sabon magani za su koma, alhali mafi yawan wahalar tana faruwa ne a kan hanya, tsakanin barin tsoho da kama sabo. Kuma tsohon maganin, wanda yake cikin jininka yanzu, shi ne yake da ta cewa a kan wace hanya za a bi. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin mai karatu ya ɗauko nasa ya duba. Tsara adadin da za a sha kuwa aikin likita ne. Abin da nake so shi ne mutum ya shiga ofishin likitan ya san abin da ake tattaunawa a kai.

Shin lokacin sauyin ma ya yi?

Dalili uku ne suke kai mutum ga sauya magani a wajenmu. Ko bai yi aiki ba, ko illarsa ta yi yawa, ko kuma an neme shi a kemis an rasa, ko kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Na ukun nan littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa kullum muna cin karo da shi.

A kan na farko, sai an ba magani hakkinsa kafin a yanke masa hukunci. Waɗannan magunguna ba kamar farasitamol ba ne da za a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Ana son a yi kamar mako huɗu ana sha kullum, a cikakken adadi. In babu ko ƙyallin sauƙi bayan haka, maganar ƙari ko sauyi ta taso. In an ɗan ga haske, yawanci ana ƙara haƙuri zuwa mako shida ko takwas. Akwai kuma batun adadi. Mutum zai shafe wata uku yana shan amitriptyline miligiram 25 da dare ya ce bai yi masa komai ba sai barci. To, miligiram 25 matakin farawa ne, kuma shi ake yawan bayarwa don barci ko ciwon jijiya. Na ciwon damuwa yawanci ya ninka haka sau uku ko fiye. Irin wannan mutum bai gwada maganin ba tukuna.

A kan illa, sai a bambanta wadda take wucewa da wadda take zama. Tashin zuciya, ciwon kai, ɗan rashin natsuwa da lalacewar ciki na kwanakin farko na su fluoxetine da sertraline galibi suna lafawa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma shan ƙwayar bayan an ci abinci yana rage su. Raguwar sha'awa da jinkirin biyan buƙata a shimfiɗar aure kuwa ba su cika tafiya da kansu ba. Haka ƙibar da mirtazapine yake jawowa, haka bushewar baki da taurin bayan gida na amitriptyline. Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi na neman sauyi, kuma babu abin kunya a faɗa wa likita su. Na fi jin tausayin magidancin da ya daina magani a ɓoye saboda matsalar shimfiɗa, ya kasa furta ta, ciwon ya dawo masa sabo, alhali akwai maganin da ba ya yawan taɓa wannan ɓangaren.

Me ya sa jiki yake kuka in an janye magani?

Kalmar da ta fi dacewa a ganina ita ce yaye. Ƙwaƙwalwar da ta yi watanni tana aiki da magani ta daidaita kanta a kan samunsa, musamman wajen sirotonin, wani sinadari da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi. In aka fizge shi rana ɗaya, sai ta rikice kafin ta sake samun daidaito. Alamomin sun haɗa da jiri, tashin zuciya, zufa, ciwon gaɓoɓi kamar na mura, munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, kuka ba dalili, faɗuwar gaba, da wani abu da masu fama da shi suke kwatantawa da cewa kamar wutar lantarki ce take fizgarsu a cikin kai, musamman in sun juya ido.

Wannan daban yake da jarabar ƙwaya. Mai shan sertraline ba ya jin ƙishirwarsa, ba ya ƙara wa kansa don ya bugu, ba ya sayar da kayan ɗaki don ya same shi. Sabo ne na jiki, irin wanda ake samu a wasu magungunan hawan jini ma. Amma kuma ba daidai ba ne a raina shi. An daɗe ana gaya wa marasa lafiya cewa abin ba ya wuce mako ɗaya ko biyu, sai a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fito ta amince cewa ga wasu mutane yana yin tsanani kuma yana daɗewa. Wani nazari da ya fito a mujallar Lancet Psychiatry a 2024 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 15 cikin 100 suna samun alamomin da maganin ne da kansa ya jawo su, kuma wajen 3 cikin 100 nasu yana tsananta. Wani nazarin na 2019 ya kawo adadin da ya haura rabi. Masana suna ta jayayya a kan lissafin, amma sun haɗu a kan waɗanda suka fi shiga haɗari: wanda ya daɗe yana sha, wanda yake shan adadi mai yawa, wanda ya taɓa jin jiki da ya manta ƙwaya ɗaya ko biyu, da mai shan maganin da yake saurin fita daga jini.

Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗin komai. Ana auna shi da lokacin da rabin magani yake ɗauka kafin ya bar jini. Na venlafaxine kamar awa 5 ne, abin da hanta take mayar da shi kuma kamar awa 11. Na paroxetine bai cika kwana ɗaya ba. Sertraline kwana ɗaya da ɗan ɗoriya, escitalopram wajen awa 30. Fluoxetine kuwa kwana 4 zuwa 6 ga wanda ya daɗe yana sha, kuma abin da hanta take mayar da shi yana iya kai mako ɗaya zuwa biyu kafin rabinsa ya fita. Shi ya sa venlafaxine da paroxetine suka yi ƙaurin suna wajen wahalar yaye, har wanda ya manta na safe yana iya jin jiri kafin dare. Fluoxetine shi yake yaye kansa da kansa, amma kuma yana daɗewa a jini yana jiran duk maganin da za a kawo bayansa. Daɗewar tasa rahama ce wajen dainawa, matsala ce wajen sauyawa.

Hanyoyin uku

Ta farko ita ce sauyin kai-tsaye: yau a sha tsoho na ƙarshe, gobe a fara sabo. Ta fi dacewa in magungunan biyu 'yan gida ɗaya ne, kamar daga sertraline zuwa escitalopram, ko daga citalopram zuwa sertraline, duk 'yan rukunin da ake kira SSRI, masu ɗaga sirotonin a ƙwaƙwalwa. Tun da aikinsu a ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne, sabon yana toshe gurbin tsohon. Likitoci da yawa suna bin ta daga SSRI zuwa venlafaxine ma, da ƙaramin adadi. Amfaninta a fili yake: babu ruɗani, babu sayen magani biyu a lokaci guda, babu ranar da mutum zai zauna ba kariya. Ga wanda yake zaune nesa da asibiti, ko tsohuwar da jikanta ne yake ba ta magani, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne. Rauninta shi ne ba kullum sabon yake rufe gurbin gaba ɗaya ba. Wanda ya baro paroxetine mai yawa zuwa ƙaramin adadin wani yana iya yin kwanaki yana jiri, shi ya sa ake yawan fara rage tsohon zuwa matsakaicin adadi kafin a tsallaka. Kuma ba ta aiki in gidajen sun bambanta. Mirtazapine ba zai hana yayen sertraline ba, don ba ƙofa ɗaya suke bi ba.

Ta biyu ita ce sauyin sannu-sannu: ana sauke tsoho mataki-mataki, ana ɗaga sabo mataki-mataki, su yi 'yan makonni tare, galibi biyu zuwa huɗu, ko fiye in jiki ya nuna. Ita ake bi in za a tashi daga wani gida zuwa wani, kamar daga SSRI zuwa mirtazapine, ko daga amitriptyline zuwa sertraline. Ta fi tausasa wa jiki, kuma mai ciwo mai tsanani ba ya rasa kariya ko na yini ɗaya. Sai dai tana da tsada ta fuska uku. Za a sayi magani biyu. Dole a riƙe jadawali, wannan makon ƙwaya ɗaya da rabi na wancan da rabin wannan, mako mai zuwa a sake lissafi, kuma in ba a rubuta a takarda ba kuskure yana da sauƙi. Sannan magungunan biyu suna haɗuwa a jini, wanda wani lokaci haɗari ne.

A nan ne zan daɗe, domin ya shafi magunguna biyun da suka fi yawa a asibitocinmu. Amitriptyline da fluoxetine su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jagoran da ta tanadar wa ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma su ne suka fi araha da sauƙin samu. Saboda haka sauyin da ya fi faruwa a wajenmu tsakaninsu ne, kuma yana cikin masu buƙatar taka-tsantsan. Fluoxetine, da paroxetine ma, suna danne wani sinadarin hanta da yake narkar da amitriptyline. In suka haɗu, amitriptyline yana taruwa a jini fiye da yadda ƙwayar take nunawa, kuma yawansa yana taɓa bugun zuciya, yana kawo ruɗewa, har da farfaɗiya. Don haka in daga amitriptyline za a koma fluoxetine, ana fara sauke amitriptyline ɗin sosai, zuwa rabi ko ƙasa da haka, kafin a shigo da fluoxetine, sannan a ƙarasa janye ragowar. In kuma daga fluoxetine za a koma amitriptyline, ba a haɗa su ma. Akwai kuma clomipramine, ɗan gidan su amitriptyline, wanda shi ba a son ya haɗu da kowane SSRI.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, sauyi mai tazara: a sauke tsoho, a tsaya, a bar jini ya yi kwanaki yana wankewa, sannan a fara sabo da ƙaramin adadi. Daga fluoxetine zuwa kusan kowane magani ana yawan barin kwana 4 zuwa 7, kuma ko bayan haka ana ɗaga sabon a hankali, don ragowar fluoxetine tana nan har makonni. Ga tsoffin magungunan rukunin MAOI, irin su phenelzine, tazarar mako biyu ce, in kuma daga fluoxetine za a je gare su sai an jira mako biyar. Ba a cika ganin waɗannan a wajenmu ba, amma linezolid, wanda ake ba masu tarin fuka mai taurin kai, yana da irin halinsu, don haka mai shan sa dole likitocin ɓangarorin biyu su san da juna. Wannan hanya ita ta fi aminci daga karon magunguna, ita kuma ta fi barin mutum a fili. In tsohon maganin mai saurin fita ne, kwanakin tazarar su ne kwanakin yaye mafi zafi, kuma ciwon yana iya samun ƙofar dawowa. Ga wanda yake da tunanin halaka kansa, ba hanyar da za a bi a gida ba tare da sa ido ba ce.

In aka tambaye ni, zan ce kai-tsaye ta fi in dai gida ɗaya ne kuma ba daga fluoxetine ake tashi ba. Sannu-sannu ta fi in gidajen sun bambanta kuma akwai mai riƙe jadawali. Tazara kuwa ba zaɓi ba ce da mutum yake yi don ya ga dama, magungunan ne suke tilasta ta. Akwai lokaci ɗaya da ake tsayar da magani nan take ba tare da wani mataki ba: in ya jawo babbar illa, kamar ƙuraje masu tsanani da kumburin fuska, ko mutum ya birkice da ƙarfin da ya wuce kima, ba barci, ga surutu, ga kashe kuɗi ba lissafi. Wannan na ƙarshen yana iya nuna cewa ciwon nasa mai hawa da sauka ne, wanda maganinsa daban, kuma a ranar ya kamata likita ya gan shi.

Wanne za a koma?

Wani babban nazari da ya fito a mujallar Lancet a 2018 ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da ba magani a cikinta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi. Amitriptyline yana sahun gaba wajen ƙarfi, yana kuma cikin waɗanda mutane suka fi ajiyewa saboda illa. Escitalopram ya fito da kyau ta ɓangarorin biyu. Tun da ƙarfinsu ya yi kusa, abin da ya kori mutum daga tsohon magani shi ya kamata ya nuna masa sabon.

Wanda amitriptyline yake danne shi har ya makara sallar asuba, bakinsa a bushe, ga jiri in ya miƙe tsaye, sertraline ko fluoxetine sun fi masa sauƙi. Ga dattawa kuwa na fi ƙin amitriptyline, saboda yana riƙe fitsari ga mai kumburin mafitsara, yana kawo faɗuwa da ruɗewa, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. Yana rage zufa ma, abin da ba wasa ba ne a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri. Sannan shan sa da yawa a lokaci ɗaya yana kisa, don haka a gidan da akwai ƙananan yara ko mai mugun tunani a kan kansa, a kulle shi, a kuma riƙa sayen na 'yan kwanaki.

Wanda SSRI ya kashe masa sha'awa, mirtazapine ya fi sauƙi ta wannan fuska. Yana sa barci da cin abinci, abin da ya zama alheri ga wanda ya rame ba ya runtsawa, ya zama matsala ga mai ciwon suga ko mai ƙiba. Venlafaxine yana taimakon wasu da SSRI bai yi musu ba, amma yana iya ɗaga hawan jini, kuma ba zan so a ɗora mutum a kansa ba in kemis ɗin garinsu yau akwai gobe babu. Maganin da yankewarsa ta kwana biyu take kwantar da mutum bai dace da wanda ba shi da tabbacin samunsa ba. Haka paroxetine. Mace mai neman haihuwa ko mai ƙaramin ciki ana kauce mata paroxetine saboda an danganta shi da matsalar zuciyar jariri, mai shayarwa kuma sertraline ake yawan zaɓa mata don kaɗan ne yake shiga nono. Amma kada mace ta ga ta samu ciki ta watsar da magani a ranar, ta fara ganin likita.

Yaye ne ko ciwon ne ya dawo?

Wannan tambaya tana ruɗa marasa lafiya, tana ruɗa likitoci ma. Bambancin yana cikin lokaci da kama. Yaye yana zuwa cikin kwanaki kaɗan bayan rage magani, sai dai na fluoxetine da yake iya jinkiri zuwa makonni. Yana zuwa da baƙin abubuwa waɗanda mutum bai san su a ciwonsa na asali ba, irin jirin nan da fizgar lantarki. In aka koma adadin baya, yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Dawowar ciwo kuwa tana rarrafowa ne cikin makonni, da fuskar da aka saba gani: rashin jin daɗin komai, nauyin zuciya, ganin kai ba a bakin komai ba. Ita ma gaskiya ce, kada a ɗauka kowane abu yaye ne. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2021, ya bi mutanen da suka daɗe a kan magani suna jin sun warke: cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa 56 cikin 100 na waɗanda aka janye wa magani, da 39 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba. Shi ya sa ake son a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan samun lafiya, jagoran Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata tara zuwa goma sha biyu ya ce.

A wajenmu akwai ruɗani na uku. Ciwon jiki da zufa da tashin zuciya, kowa maleriya ko taifot zai ce. Jiri da mugun mafarki da fizga a kai, wasu za su ce iska ce ko sammu. Addu'a da ruƙiya ba sa karo da magani, amma kafin a tafi ko'ina a yi tambaya ɗaya: yaushe aka rage ko aka daina ƙwayar?

Wani abin da ba a cika bayyana wa mutane ba shi ne matakan ƙarshe sun fi na farko wuya. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna citalopram miligiram 20 yana toshe kusan kashi 80 cikin 100 na mashigar sirotonin, miligiram 5 kuma yana toshe wajen kashi 60. Ke nan sauka daga 20 zuwa 5 ƙaramin tsani ne, daga 5 zuwa babu kuwa tsalle ne daga kan katanga. A kan wannan ne wasu masu bincike biyu a Landan, Mark Horowitz da David Taylor, suka yi rubutu a 2019, suna ba da shawarar a riƙa ƙanƙanta matakan yayin da ake kusantar ƙarshe, ana barin makonni tsakanin mataki da mataki. Wanda ya yi 'yan makonni kawai a kan magani yana iya sauka cikin wata guda. Wanda ya yi shekaru yana iya buƙatar watanni, kuma in wani mataki ya yi zafi a koma na baya a huta, ba gazawa ba ce. Na ruwa da ake aunawa da sirinji ya fi sauƙin ƙanƙantawa, amma ba kowane kemis yake da shi ba, sai a tambayi mai haɗa magani ko ƙwayar tana rabuwa. Waɗanda aka yi su don su narke a hankali, masu XR ko SR a jikin kwali, ba a daka su ba a tauna su. Dabarar sha yau a tsallake gobe kuma ba ta dace da masu saurin fita ba, jefa jiki take yi cikin yaye kowane kwana biyu. Fluoxetine ne kaɗai yake jure ta.

Abin da ke cikin aljihu da kan tebur

Tiramadol shi ne babban abin tsorona a lokacin sauyi. Shi ma yana ɗaga sirotonin, kuma yana saukaka farfaɗiya. In ya haɗu da SSRI ko venlafaxine ko amitriptyline, balle a makonnin da magani biyu suke jini, yana iya jawo gubar sirotonin: karkarwa, fizgar nama, zufa sharkaf, zazzaɓi, gudawa, bugun zuciya da sauri, ruɗewa, duk cikin awoyi. Wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa ba kemis ba. Maganin tari mai dextromethorphan ma yana cikin wannan layi. Wanda yake shan tiramadol, ko don ciwon baya ko don ƙarfin aiki, ya faɗa wa likita gaskiya. Likita ba ɗan sanda ba ne.

Maganin maleriya mai artemether da lumefantrine, takardar da ke cikin kwalinsa ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da amitriptyline da imipramine da clomipramine, kuma ana taka-tsantsan da shi ga mai shan citalopram ko escitalopram saboda bugun zuciya. Ka ga yadda abin yake iya ɗaurewa: yaye ya yi kama da maleriya, a sayi maganin maleriya ba gwaji, shi kuma ya yi karo da ƙwayar da ake sha. A yi gwajin jini tukuna, in maleriyar ce a yi maganinta ba jinkiri, amma a nuna wa mai rubutawa kwalin da ake sha. Diclofenac da ibuprofen da asfirin kuma suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki ga mai shan SSRI, musamman mai gyambon ciki.

Makonnin farko na sabon magani, da duk lokacin da aka taɓa adadi, su ne lokacin sa ido a kan tunanin halaka kai, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25, domin hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi na musamman a kan 'yan ƙasa da shekara 18 a 2004, ta kuma faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da 25 a 2007. A sanar da mutum ɗaya a gida, miji ko mata ko uwa ko yaya, cewa ana cikin sauyi. In tunanin ya zo, ko wani rashin natsuwa da mutum ya kasa zama wuri ɗaya, a tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da sashensu.

Sai zaɓen lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a rage ƙwaya ta farko, a tabbatar sabon maganin yana hannu, na wata guda aƙalla, kuma akwai ragowar tsohon ko da za a buƙaci komawa mataki ɗaya baya. In ba dole ba, kada a fara sauyi ana gobe jarrabawa, ko biki, ko tafiya aikin Hajji. Azumi ma haka. Yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a yini, don haka ba sai an ajiye su ba. Fluoxetine da sertraline suna zama daidai a sahur, amitriptyline da mirtazapine kuma bayan an dawo daga tarawihi, ko tun da shan ruwa ga wanda nauyin barcinsu yake hana shi tashi sahur. Wanda yake shan venlafaxine sau biyu a yini ya tambayi likita tun a Sha'aban ko za a mayar da shi kan mai narkewa a hankali, wanda ake sha sau ɗaya.